Me ya sa gaggafa ba ta da yawa kamar shirwa?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Bukuru ne. Kullum shirwa na shawagi a kan mayanka, amma gaggafa sai mutum ya shekara bai ga ko ɗaya ba. Ba ta haihuwa da yawa ne?

Amsa: Haka ne, ɗan'uwa. Haihuwarta kaɗan ce, renon kuma doguwar hidima.

Ɗauki gaggafar nan mai jan fuska da jan ƙafa da guntun bindi, wadda ake gani a dajin Yankari. Ƙwai ɗaya tak take sakawa, a sheƙar ƙirare can cikin rassan babbar bishiya, galibi kusa da rafi. Kwanci yakan ɗauke ta kusan kwana 55, alhali kaza 21 ya ishe ta. In ya ƙyanƙyashe, ɗan tsakon zai yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa, kuma ko ya fara tashi, iyayen ne ke ci gaba da kawo masa nama na wasu watanni. Gashinsa ruwan ƙasa ne, ba zai rikiɗe ya koma baƙi irin na manya ba sai ya kai shekara 7 ko 8. Shi ya sa mutane da yawa in sun ga matashiyar gaggafa sai su ɗauka wani tsuntsu ne daban.

Wasu nau'o'in sukan saka ƙwai biyu, amma wanda ya riga fitowa yakan danne ƙaninsa da sara, ya hana shi abinci har ya mutu, iyayen na kallo. Shirwa kuwa biyu ko uku take sakawa, kwancinta wajen wata ɗaya, ga ta ba ta zaɓen abinci: hanjin mayanka, fara, ɓera, duk ci take.

To, ka ga in aka kashe babbar gaggafa guda, shekaru ake yi kafin a samu madadinta. Kuma ana kashewa: mushen da aka zuba wa guba, da masu sayen kawunansu don haɗa magani, da sare manyan bishiyoyi don gawayi. A 2020 ƙungiyar IUCN mai kare halittu a duniya ta sanya wannan mai jan fuskar cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa.

In ka ci karo da sheƙarta, kada ka hau, don takan gudu ta bar ƙwai idan aka dame ta. Sanar da masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke dajin Amurum a Laminga, gabas da Jos.