Liyarin 1780: Yadda Za Ka Gane Matsayinsa Kafin Ka Yi Tayi

Wani mai sayar da kayan azurfa a Kasuwar Kurmi ta Kano ya aiko da tambaya: "An kawo mini liyari guda tara daga cikin kayan gado, kowanne da 1780 a jikinsa. Magadan sun ce tunda sun haura shekara 240, kuɗinsu ba na wasa ba ne. Wasu sun yi baƙi, biyu an huda su. Yaya zan gane mai kyau, kuma in wanke su kafin in nemi mai saye?"

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Bari in fara da ta ƙarshen: kada ka wanke su. Ko toka, ko lemun tsami, ko man goge ƙarfe, kada ɗaya ya taɓa su. Wannan baƙin da ka gani azurfa ce ta tsufa da kanta, kuma masu tara tsofaffin sulalla suna son ganinsa. Da zarar ka dirje, ƙananan zane za su bi fuskar tsabar, waɗanda ba sa ɓuya ga mai ido. Kamfanonin tantancewa na Amurka irin su PCGS da NGC ba sa ba tsabar da aka goge cikakkiyar lambar matsayi, wato makin da ke nuna kyan tsaba, sai dai su rubuta a jikin marufin cewa an wanke ta, farashi kuwa ya faɗi.

Sai maganar 1780, inda magada za su ji ba daɗi. Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda hotonta ke jikin liyarin, ta rasu a wannan shekarar, amma saboda fatake daga ƙasashen Larabawa da Habasha har zuwa Borno da ƙasar Hausa sun amince da tsabarta, sai aka ci gaba da buga ta ba tare da an taɓa shekarar ba. An buga a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Landan, Faris, Roma da Bombai, fiye da miliyan 300, kuma har gobe Ostiriya na bugawa. Saboda haka wanda ke hannunka zai iya zama na zamanin ayari, zai iya zama sa'an mahaifinka. In ka ga wanda shekararsa ta gaza 1780, to wannan ware shi gefe, lissafinsa daban ne.

Kafin matsayi, tabbatar na gaske ne. Ɗora shi a sikelin maƙeran fari: cikakken liyari giram 28 ne da ɗan ɗigo, faɗinsa kusan santimita 4. In bai da huda amma ya gaza giram 27, yi hattara. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, sai dai dalma da tagulla ma ba ya kama su, don haka kada ka tsaya nan. Juya gefensa. Na gaske yana da rubutu zagaye da bakin, a fito sarai, na zubi kuwa rubutun kan cuɗe, wani lokaci har da layin da ya nuna inda aka haɗa.

Yanzu ga aikin ido. Ka fita bakin rumfa inda hasken rana yake, ka riƙe shi ta gefe, ban da ɗora yatsa a fuskarsa, ka ari gilashin da masu zinariya ke duba kaya. Tsaba tana fara cinyewa ne daga wuraren da suka fi tudu. A fuskar sarauniya, duba gashin da ke saman kunne, da ƙananan duwatsun kambun kanta, da maɓallin da ya riƙe mayafi a kafaɗarta. Wannan maɓalli shi ne alƙali. Fataken da can shi suke dubawa, in duwatsun da ke kewaye da shi sun shafe sai su ƙi karɓa ko su rage. A bayan kuma duba gashin mikiyar nan mai kai biyu da zanen garkuwar da ke ƙirjinta.

Masu wannan harka suna amfani da ma'aunin da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70. In hoton ya baje, sai inuwar kai da rubutu kawai, kana wajen 4 zuwa 8. In ana ganin manyan layukan gashi amma duwatsun maɓalli sun haɗe, wajen 12 zuwa 20 ne. In kana iya ƙirga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, tudun kawai ya ɗan sha hannu, ka kai 40. Daga 60 zuwa sama kuwa na wanda bai taɓa yawo ba ne, wanda in ka karkata shi haske zai zagaya fuskarsa kamar ƙafar keke. Ni dai a kayan gado, da ya kwana a tukunya ko ya sha rataya a wuya, ba na sa ran haka. In kana waswasi tsakanin matsayi biyu, ɗauki na ƙasa. Mai saye ma haka zai yi maka.

Biyun da aka huda, da duk wanda aka liƙa wa kunne don sarƙa, sun fita daga ma'aunin. Kuɗin azurfarsu za ka biya.

Ga yadda za ka yi tayi. Kowane cikakken liyari na ɗauke da zallar azurfa giram 23.4, sauran tagulla ce. Ka tambayi farashin giram a ranar, ka ninka, ka cire ribarka. Nan ne gindin ciniki ga duka taran. Sai ka ɗan ƙara a kan waɗanda maɓallinsu ya fito tsaf, kuma ƙarin kada ya yi yawa, tunda sabon bugu na nan a kasuwa. Ka nuna wa magadan lissafin a kan sikeli da idonsu, ka biya hannu da hannu, don azurfa ce.

In akwai ɗaya ko biyu da ka ga sun fita daban, nannaɗe kowanne shi kaɗai a takarda, kada su gogi juna a leda. Ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe a hasken rana, tare da lambar da sikeli ya nuna, ka tura wa dillalin tsofaffin sulalla fiye da ɗaya kafin ka sallama.