Keken da Zai Hau Duwatsun Shere

Ka tambaye ni me ya sa keken mutumin nan ya cinye mana yini guda, alhali Phoenix ɗin masu kai itace da masu tallar burodi ba ya wuce rabin awa a hannunmu. Ajiye sifanar nan ka matso, gara ka ji yanzu da keken ke rataye a gabanmu.

Mai shi ya ce ranar Asabar za su hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos shi da abokansa, su kwana a can, washegari su sauko ta hanyar ƙafa. Garin Jos kansa a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. Hawan bai dame ni ba, wanda hawa ya gagara sai ya sauka ya tura. Gangaren nake ji. A nan ne keke ke gudu ba da yardarka ba, duwatsu na jijjiga shi, duk notin da ya yi sako-sako sai ya ƙarasa kwancewa. A cikin gari in kaca ta tsinke, ba ka yin nisa za ka tarar da mai gyara a gindin bishiya. A can kuwa daga mai keken sai abin da ya ɗauko a jakarsa.

Shi ya sa na fara da birki. Wannan ba irin na sanda ba ne da ka saba, mai faifai ne, kuma da mai yake aiki. Ka ga na cire ƙafar na haska ciki da tocilan? Kaurin takalman birkin nake dubawa. In abin da ya rage bai kai milimita ɗaya ba, fitar da su, ko da mai keke ya ce ai suna kamawa. Suna kamawa a kwalta, amma gangare mai tsawo da laka za su cinye ragowar kafin a kai ƙasa. Sannan ka matsa hannun birkin ka ji. In ya tsaya da ƙarfi a rabin hanya, lafiya. In ya yi laushi har ya kusa taɓa kan keken, iska ta shiga bututun, sai an fitar da ita. Kuma ka ji ni da kyau: wannan birkin na kamfanin Shimano ne, yana da man kansa. Kada ka kuskura ka zuba masa man birkin mota don shi ne a kusa, zai kumbura robobin ciki, birkin ya mutu gaba ɗaya. Faifan kuma ko da yatsa mai maiƙo kada ka taɓa shi. Ɗigon mai ɗaya ya isa ya sa birki ya yi ta ihu ba ya riƙewa. In ƙafar tana waje, kada ka matsa hannun, takalman za su haɗe ka sha wahalar raba su.

Ga wani abu da yawancin masu gyara ba sa kulawa da shi. Kekunan gwanjon nan ba daga ƙasa ɗaya suke zuwa ba. Na Ingila birkin gaba a hannun dama yake, na Amurka a hagu. Mutum ya saba da wani, ya sayi wani, ranar da ya firgita a gangare ya damƙe na gaba yana zaton na baya ne, sai dai a tsince shi a gaban keken. Ka riƙa tambayar mai keke wanne hannunsa ya sani.

Sai taya. Ɗazu na hana ka ƙara iska ka yi ta kallona. Na san an koya maka ka buga har sai babban yatsa ya kasa lotsa ta, kuma ga keken da ke ɗaukar buhu a kwalta haka ne daidai. A kan dutse taya mai tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. Mai laushi da yawa kuma, da ta daki bakin dutse sai rim ya datse tif, ka ciro shi ka ga ƙananan huji biyu gefe da gefe. Ga faffaɗar taya irin wannan da mutum matsakaici, 30 zuwa 35 a layin PSI na ma'aunin famfo ya isa, ta baya ta ɗan fi ta gaba tunda ita ke ɗauke da nauyi. Ka duba gefen tayar ma, ba haƙoranta kaɗai ba, don gefe ne dutse ke yanka. Lambar girman taya da ke jiki kuma ka karanta: wannan 27.5 ce, ba 26 ba, ba 29 ba, kuma bawul ɗinta siririn nan ne, ba irin na mota ba. Mutum ya ɗauki tif da famfon da ba su dace da kekensa ba, kaya kawai ya ƙara wa kansa.

Wayoyin rim ɗin nan da ka ga ina taɓawa ɗaya bayan ɗaya, sauraro nake yi. Kowace tana da amo kamar tsarkiyar garaya. Wadda ta yi sako-sako amonta a mace yake, ita za ka ɗaure, kaɗan-kaɗan, kana juya ƙafar kana kallon ko rim na rangaji.

Kaca kuwa, na ga ka ɗauko galan ɗin baƙin mai. Mayar da shi. Baƙin mai ƙura yake tarawa, ƙurar ta haɗu da shi ta riƙa cin kacar da haƙoran giya tare. Wanke ta da kalanzir, bar ta ta bushe, ɗiga mai mai tsabta a kowace gaɓa, sannan ka goge na waje da tsumma har sai ba ta ɓata hannu sosai. Kafin nan ma auna ta. Cikakkun gaɓoɓi 12 na sabuwar kaca, wato kana ƙirga ta ciki da ta waje a matsayin ɗaya, inci 12 ne cif. In sun zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ya kai ninki biyun haka, ta riga ta ci haƙoran baya, sabuwa ma za ta riƙa zamewa a kansu. Tsuguna ta baya ka kalli abin canja giyar nan, ya kamata ya rataya a miƙe. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da shi da gangan aka yi shi da laushi, don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. In ya ɗan karkata ciki, ranar da mutum ya sa giyar hawa sai abin ya faɗa cikin wayoyi, ya karye, ya tafi da waya uku ko huɗu. Ɗan sukurun nan mai alamar L shi ke hana kaca wuce babban haƙori. Saita shi da haƙuri.

Sauran ba su da wuya. Riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki. Bi kowane noti da alanki, na sirdi, na kai, na feda. Amma fa alminiyon ne, ba ƙarfen Phoenix ba, in ka sa ƙarfin ƙuruciya za ka cinye zaren.

Kayan tafiya ma aikinmu ne, ko da bai tambaya ba. Tif biyu, faci da solushan, kuma ka buɗe solushan ɗin ka tabbatar bai bushe a cikin kwalinsa ba. Famfo, abin ɓantare taya, alanki, abin yanke kaca da gaɓar haɗi daidai da yawan giyarsa, don ta mai tara ba ta zama a mai goma. Yanko masa guntun tsohuwar taya ya sa ta ciki in gefe ya tsage, da robar tsohon tif don ɗauri. Masu nauyi a ɗaure su a jikin keken, ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya, kada ya labta komai a bayansa, nauyin goyo kan tura mutum gaba a gangare. Ruwa ya fi abin da yake zato zai sha, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da rigar sanyi, tunda ka san yadda daren hunturu yake ko a cikin gari balle a saman dutse. Hular kwano ba sai an yi gardama ba. Ni dai zan ƙara masa da cewa su gaida mai unguwar ƙauyen da za su tashi, su nemi ɗan gari ya nuna musu hanya, su kuma tambayi lafiyar wurin kafin su shiga.

Gobe da sassafe ka hau keken ka nemi ɗan gangare. Sabbin takalman birki ba sa kamawa sosai sai sun zauna a kan faifai, don haka ka ɗauki gudu ka rage da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, kamar sau 20, gaba daban baya daban. Idan mai shi ya zo karɓa, kada ka miƙa masa ya tafi. Ba shi kayan da muka haɗa, ya cire ƙafar baya da hannunsa, ya canja tif a gabanmu. Ka lura ko zai shafa cikin tayar da yatsa kafin ya sa sabon, don ƙayar tsidau takan maƙale a ciki ta huda na biyun nan take. In ya manta, sace iskar ya sake daga farko.