Batirin sigarin lantarki mai araha: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni a shago, sai yanzu bayan isha'i na samu zama. Ka ce shekara goma sha ɗaya kana shan taba kuma kana so ka rabu da ita, an nuna maka batiran nan na sigarin lantarki masu araha, waɗanda ake murza gindinsu a ƙara musu wuta ko a rage, kana tambaya ko suna da ƙarko, ko kuwa ka haƙura ka tara kuɗin mai tsada. Allah Ya cika maka wannan niyya. Ni gyaran waya nake yi a wajen Ƙofar Ƙaura, da irin batirin nan na bar taba, kuma na buɗe cikinsu da hannuna ya fi a ƙirga, nawa da na mutane.

Amsata a taƙaice: ka saya, amma ka sayi biyu, kuma ka sa a ranka cewa abu ne mai ƙarewa kamar tayar babur. Arahar ba ita ke cutar da mutane ba. Jabu ne da mugun caja.

Asalin samfurin nan shi ne eGo-C Twist na kamfanin Joyetech, wanda ya fito a 2012, daga baya Vision Spinner ya biyo, sannan masana'antun Shenzhen ta ƙasar Sin suka yi ta kwaikwayo. Lambobin da ke gindinsa suna tashi daga bolt 3.2 ko 3.3 zuwa 4.8. A na asali lambobin gaskiya ne. Na sha ɗora mitar auna wuta a kan fin ɗin samansa, wato ɗan ƙarfen tsakiya da wuta ke fita ta kansa, in danna maɓalli, in na sa 3.8 sai in ga 3.8 ko kusa da haka, kuma yana riƙe wannan ƙarfin har cajin ya kusa ƙarewa. Amfaninsa ke nan a kan batirin da ba a murzawa, wanda ke farawa da ƙarfi da safe, kafin la'asar ya yi laushi. Mai barin taba kuwa lokacin da abin ya yi laushi shi ne lokacin da ƙafarsa ke ɗaukarsa zuwa wajen mai tireda.

A jabu fa? Wani direba da ke jigilar Jibiya ya taɓa kawo mini nasa, wai ko ya murza ba ya jin bambanci. Na auna a 3.3, na auna a 4.8, mita ba ta motsa ba. Da na zare gindin sai na tarar zoben yana juyawa ne kawai, babu abin da ya haɗa shi da allon ciki. A jikinsa an rubuta 1100mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, amma ƙwayar batirin ciki 'yar guntuwa ce, an cike sauran wurin da soso. Daga nan na koyi abin da nake gaya wa kowa: a irin waɗannan, yawan caji da tsawo da nauyi tare suke tafiya. Mai 650 gajere ne, mai 900 ya ɗara shi, mai 1100 ya fi su tsawo. In ka ga ɗan gajere sakayau an rubuta masa 3200, mayar wa mai shi abinsa, ƙarya ce a rubuce.

Yanzu maganar murzawar, don nan ne sababbin shiga ke kashe kayansu. Mutum yana saye sai ya kai shi ƙarshe, 4.8, yana ganin ai ƙarfi ya biya kuɗi. Lissafin ba wuya: ka ninka bolt da kansa, ka raba da om ɗin kwayil ɗinka, shi ne wat, wato ƙarfin wutar da kake ba shi. Kwayil shi ne 'yar wayar da ke cikin tankin ruwan sigarin, wadda ke zafi ta mayar da ruwan tururi, om kuma ma'aunin yadda take tare wuta ne. Kwayil mai om 1.8 a bolt 3.7 yana cin wat 7.6. Shi ɗin dai a 4.8 yana cin 12.8. Ɗan lagwanin da ke cikin tankin ba zai iya jawo ruwa da saurin da wannan zafin ke ƙone shi ba, sai ya babbake, ka ji ɗanɗanon ƙonannen tsumma a maƙogwaro, kuma wannan hayaƙin na ƙuna ba abin shaƙa ba ne. Batirin ma yana wahala, ya yi ɗumi a hannu, cajin ya zube da wuri. Ni tsakanin 3.6 da 4.0 na zauna, farawa nake daga ƙasa ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har in ji ya yi daidai. Kuma kada ka ɗaura masa manyan tankunan nan masu kwayil ƙasa da om 1. Ba don su aka yi shi ba. Na kirki zai yi ta ƙyafta wuta ya ƙi aiki, marar kirki kuwa zai yarda, wannan yardar ita ce haɗarin.

Tsawon rai: batirin litiyam irin wannan ana ƙiyasta masa caji wajen 300 kafin ya fara gajiya sosai. In kullum kake caji, ka ga bai kai shekara ba. Nawa na asali sun yi mini wata takwas zuwa goma, jabun da na taɓa faɗawa bai cika wata biyu ba. Ga kuma abin da 'yan kasuwa ba sa faɗa: samfurin tsoho ne, wasu sun daɗe a kwali, kuma litiyam yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, balle a rumfar kwano cikin zafin Afrilu na Katsina da ke haura digiri 40. Shi ya sa nake cewa a danna a gani kafin a biya. Danna biyar a jere ke kunna shi, biyar ke kashe shi. In sabo ne fil amma ko ƙyaftawa bai yi ba, cajinsa ya faɗi ƙasa warwas a ajiye, kada ka karɓa ko da an ce zai tashi.

Da yawan waɗanda ake kawo mini wai sun mutu ba su mutu ba. Fin ɗin tsakiya ne ya nutse saboda ana ɗaure tanki da ƙarfi kamar ana ɗaure noti. Sai in kashe shi, in sa bakin ƙaramin sukuddireba in ɗaga fin ɗin kaɗan, shi ke nan ya dawo. Wasu kuma ruwan ne ya zubo kan tiredin, wato wurin da ake murza tanki a ɗaure, ƙurar hunturu ta hau kai ta zama danƙo. Auduga da ɗan sifirit, minti biyu.

Cajar kuwa, don Allah ɗan'uwa ka ba ni hankalinka a nan. 'Yar cajar da ake ɗaurawa a kansa an yi ta ne ta ba da bolt 4.2 da 420mA, ja ta koma kore in ya cika. Litiyam ba ya yafe wuce 4.2. Akwai cajojin banza da ke zuba masa bolt 5 na USB kai tsaye, kuma tiredinsu ɗaya ne da na kirki, za su ɗauru lafiya lau. Ni ya faru da ni a shago. Cajata ta ɓace, na karɓi wata a hannun mai talla, na jona na juya ina cire gilashin wata waya. Wari na fara ji kamar na sinadarin goge farce. Ina waiwayowa na ga roban maɓallin ya lanƙwashe, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Da filaya na ɗauke shi na jefa cikin yashi a waje. Yaron shagona yana zaune bai fi taku biyu daga wurin ba, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Bututun ƙarfe ne rufaffe, in ya fashe ta baki yake harbawa. Tun ranar ba na caji sai ina wurin, a kan siminti ko tayil, ba kan katifa ba, ba cikin dare ba. Na san yadda wuta take a garin nan, a kawo ta ƙarfe biyun dare kowa ya jona komai ya koma barci. Wannan kada ya shiga cikin abin da za ka jona. Fawa banki mai kyau da rana ya fi maka. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, kada ka sa shi aljihu ɗaya da makullai ba ka kashe shi ba. In kuma tafiya ta kama ka ta jirgi, ko Umara ce, ba a sa shi cikin jakar da ake aunawa, a hannu ake riƙe shi.

Batun mai tsada, yana da allo, ana canza masa batir, ya fi daɗewa, ban musa ba. Amma kai ba sana'a za ka mayar da abin ba, tsani kake nema ka sauka. Nikotin ɗin da ke cikin ruwan shi ne dai wanda ya kama ka a taba, kuma tururin ba iska ce mai tsabta ba. Wanda bai taɓa shan taba ba, musamman ƙannenmu da nake gani da masu ƙamshin mangwaro a bakin makaranta, ba shi da abin nema a nan, kuma kwalbar ruwan a ɓoye ta daga yara don guba ce in suka sha. Ni da ruwa mai ƙarfin nikotin 18mg na fara, na koma 12, na koma 6, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni na ajiye gaba ɗaya. Batir huɗu na ci a tsawon lokacin, har da jabun, kuma kuɗinsu duka bai kai abin da nake kashewa a taba cikin wata biyu ba. Biyun da na ce ka saya, dalilin shi ne ranar da ɗaya ya mutu ko yake caji, ɗayan yana aljihunka. Sau ɗaya na koma wa taba a tsawon wancan lokacin, ranar da batirina guda ɗaya tilo ya ɗauke a wajen ɗaurin aure a Daura.

In ka je saye, ko nan babbar kasuwa ko Kano, ka ce a buɗe kwalin a gabanka, ka ɗauka ka ji nauyinsa, ka karanta abin da aka rubuta a bayan cajar. Ka ɗauki hoton gindin batirin da na cajar ka turo nan kafin ka miƙa kuɗi, in sha Allahu zan duba maka.