Tambaya da Amsa: Inda algus ke ɓuya a gwanjon katin ƴan ƙwallo

Wasiƙun da suka zo mana daga Damagaram a wannan karo duk kukansu ɗaya ne: katunan hotunan ƴan wasa da ake gwanjonsu a intanet, da irin wayon da wasu masu kaya ke yi wa mai saye na nesa.

Daga wani matashi a unguwar Zango: Assalamu alaikum. Na taya katin Mbappe, na sa iyakata yuro 60. Kwana shida farashi na tsaye a yuro 22, sai a daren ƙarshe wani ya dinga ƙari kaɗan-kaɗan har ya wuce ni. Washegari mai kayan ya aiko cewa wancan ya fasa, in ina so in biya 60 in ɗauka. Sa'a na taka ko wayo aka yi mini?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba za mu rantse a kan mutumin da ba mu gani ba, amma labarinka ya yi kama da abin da malaman fiƙihu ke kira najashu, wato mutum ya taya kaya ba don yana son saye ba, sai don ya ɗaga wa wani farashi. Hadisi ingantacce ya hana shi, dokar eBay da sauran dandalin gwanjo ma ta hana. Wanda ya saba shiga kasuwar dabbobi ya san ɗan koren da dillali ke ajiyewa a gefe. Shi ne dai ya koma cikin waya.

Ga yadda abin ke aiki. Lokacin da ka rubuta 60, na'ura ba ta nuna wa kowa 60 ɗin. Tana taya maka ne daidai abin da zai sa ka zarce na bayanka, shi ya sa farashi ya zauna a 22. Ɗan kore sai ya riƙa zungura, yuro ɗaya, yuro biyu, na'ura na mayar masa da martani da kuɗinka, har lokacin da ya wuce ka. A nan ya gano ƙarshen aljihunka. Daga nan ko dai ya janye tayinsa ya bar ka a ƙololuwa, ko mai kaya ya zo maka da tayin "dama ta biyu" kamar yadda aka yi maka. Da babu shi, da katin naka ne a kusan yuro 22.

Buɗe tarihin tayin ka duba. In wanda ya bi ka sabon asusu ne marar shaidar ciniki, kuma tayinsa ƙanana ne a jere cikin mintoci kaɗan, alama ce. Duba kuma sauran kayan mutumin: in katin da aka ce an sayar makon jiya ya sake fitowa yau, da lambarsa iri ɗaya, misali 37/99 da aka buga a bayansa, to wanda ya "ci" gwanjon farko bai taɓa biya ba.

Kada ka karɓi tayin 60 ɗin, ba dole ba ne a kanka. Nan gaba, kafin ka taya, nemo farashin da aka sayar da irin katin a zahiri, akwai wurin tace sakamako da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar. Farashin da mai kaya ya rubuta yana jiran mai tsautsayi ba shi ne kasuwa ba. Sannan ka riƙe tayinka sai saura daƙiƙa goma a rufe, domin yawancin gwanjon eBay a kan lokaci yake rufewa, ɗan kore ba zai samu sararin zungurarka ba. In layin intanet ɗinka mai yankewa ne, ka ba da daƙiƙa talatin. Wannan dabara ba ta ci a manyan gidajen gwanjo da ke ƙara lokaci duk sa'ad da sabon tayi ya shigo.

Daga wata uwa a Birni: Ɗana ya matsa na saya masa katin Messi na 2004 mai sa hannu. Da ya iso, abokansa suka ce na bogi ne. Mai kayan ya ce shi bai yi ƙarya ba, ya rubuta RP a kan tallar. Mene ne RP?

Hajiya, haruffan nan biyu su ne duk cinikin. RP na nufin "reprint", wato an sake buga hoton katin asali a kan sabon kwali. Sa hannun ma hoto ne, babu alƙalamin da ya taɓa shi. Katin Messi na farko da ake rububi, na kamfanin Panini ne a jerin Megacracks na kakar 2004 zuwa 2005, mai lamba 71 bis, kuma na gaske ba ya zuwa a farashin kuɗin cefane. Arha ba ta ado.

Kalmomin da ake cusawa a ƙarshen take ko can ƙasan bayani ba su da yawa, a haddace su. "Custom" kati ne da wani ya ƙera a ɗakinsa. "Facsimile" sa hannu ne na bugawa. "Digital" ya fi duka ciwo, domin babu kwali ko ɗaya, hoto ne a cikin manhaja za a tura wa mutum. Akwai kuma masu rubuta "PSA 10?" da alamar tambaya (PSA kamfanin gwajin kati ne, 10 kuma shi ne makinsa mafi girma) a kan katin da ba a taɓa kai shi gwaji ba, don kawai ya fito wa masu neman katin da aka tantance. Wannan alamar tambaya ita ce mafakarsu ranar rigima.

A gida za ki iya gwadawa da gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran waya. A katin asali, hoton ɗan wasa ɗige-ɗige ne masu launi a tsare, amma baƙin rubutu sumul yake, bakinsa a yanke tsaf. A na jabu har rubutun ɗige-ɗige ne, saboda hoton komai aka ɗauka aka buga gaba ɗaya. In RP na cikin take tun farko, da wuya dandali ya ba ki gaskiya.

Daga wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou: In kati na cikin robar PSA da lamba 10, shi ke nan an tsira?

An rage haɗari, ba a tsira ba. PSA, wanda aka kafa a Amurka a 1991, da Beckett da SGC da CGC, suna duba kusurwa, baki, fuska da daidaituwar hoto a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin a roba mai lambar shaida. Shigar da lambar a shafin kamfanin. Amma ƴan jabu kan kwafi lambar gaske su manna a robar bogi, don haka dacewar lamba kaɗai ba hujja ba ce. In shafin ya nuna hoton katin, gwada shi da na talla: faɗin farin gefe ta hagu da ta dama, da duk wani ɗan tabo. Kamfanin gwajin da ba ka taɓa jin sunansa ba, wanda duk katinsa 10 ne, ka ɗauki katin kamar marar roba.

Manyan ma an taɓa shammatar su. Katin da PSA ta fara ba maki shi ne na Honus Wagner, ɗan wasan besbol, ta ba shi 8, aka sayar da shi dalar Amurka miliyan 2.8 a 2007. A 2013 Bill Mastro, mai babban gidan gwanjo, ya amsa a kotu cewa ya datse bakin katin don ya yi kyau, a shari'ar da ta haɗa da najashu, aka yanke masa wata 20 a 2015. Datsa baki har yau ana yi. Katin zamani milimita 63.5 ne a faɗi, 88.9 a tsawo. Tsofaffin katunan Turai da sitika na Panini girmansu daban, sai ka samo mai arha daga jeri ɗaya ka ɗora su ka gani.

Daga wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole: Mai kaya ba ya aikowa Nijar, sai na ba da adireshin ƙanena a Faransa. Bayan wata biyu ya ba matafiyi ya kawo mini, na tarar kusurwa a lanƙwashe, a hoto kuwa an rufe wurin da yatsa. Ina mafita?

Alhaji, a wannan dai sai haƙuri, lokaci ya wuce. Kariyar mai saye ta eBay ba ta wuce kwana 30 ba, kuma lissafinta na farawa daga ranar da saƙo ya isa adireshin da ka bayar, ba ranar da ya shigo Zinder ba. Kayan da aka sake turawa wani wuri bayan an karɓa ma ba ya cikin kariyar, mai kaya zai ce a hanya ya lalace.

Saboda haka ƙanenka shi ne idonka. Ranar da saƙo ya zo, ya ɗauki bidiyo tun kafin ya yage ambulan, ya nuna gaba da baya da kusurwa huɗu a haske, ya karkata katin don ƙarzuwa ta fito, ya turo maka ta WhatsApp. In akwai aibi, a shigar da ƙara a cikin dandalin nan take, da dalilin cewa kaya bai dace da bayani ba. Kafin saye kuma, nemi hoton baya da na kowace kusurwa ba yatsa, ba roba. Wanda ya ƙi, ka ce albarka.

Kada ka yarda a ja ka waje da dandali don ragi, ko a ce ka biya ta hanyar aika wa dangi da abokai ta manhajar biyan kuɗi ta PayPal, hanyar da ba ta da kariyar mai saye. Yi lissafi kuma da sefa tun kafin tayi: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, katin yuro 40 da kuɗin aike 15 ya haura jika 36, ban da cajin banki da abin da ƴan duwan za su iya nema. Wasu da gangan suke karya farashin kati su ɗora ribar a kan kuɗin aike.

In kati zai biyo matafiyi, a sa shi a leda mai laushi tukuna, sannan a robar mai tauri, a liƙe bakinta, a matse tsakanin kwali biyu, a ajiye cikin jakar hannu. Katin mai ƙyalli yana bauɗewa in ya sha zafin bayan mota daga Yamai zuwa nan.