Amsa: siffar fiffiken helikwafta ko ƙarfin inji?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaya ko siffar fiffiken helikwafta na da wani tasiri, ko ƙarfin inji kaɗai ke ɗaga ta. Shekarata 11 ina gyaransu tsakanin Jidda da Abha a Saudiyya, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka.

Fiffike ɗaya aiki biyu yake yi a kowane zagaye, kuma ayyukan ba sa ga maciji da juna. Ƙarshensa na gudun wajen mita 220 a daƙiƙa. In jirgi ya miƙa gaba, a gefen da fiffiken ke tunkarar iska gudun jirgin na hawa kan nasa, har ya kusa gudun sauti. Nan siriri ake so. Rabin zagaye kuma ya juya baya, iska ta yi masa ƙaranci, dole ya ƙara ɗaga baki ya ɗauki kasonsa na nauyi. Nan mai ɗan kauri da lanƙwasa ake so, in ba haka ba iskar ta kufce masa, jirgi ya kama kyarma, hanci ya yi sama. Abin da ke taka wa helikwafta birki ke nan, ko da inji na da sauran ƙarfi.

Tsofaffin helikwaftoci irin Huey ta Amurka siffar fiffike mai suna NACA 0012 gare su, samanta da ƙasanta iri ɗaya, kaurin kashi 12 cikin 100 na faɗin. Ba ta murɗa sandunan sarrafawa, shi ya sa aka daɗe da ita. Helikwaftar Black Hawk kuwa siffar SC1095 aka sa mata, mai 'yar lanƙwasa. Da sabon fiffike helikwaftar Lynx ta Ingila ta kai kilomita 400 a awa a 1986.

To amma a ƙasar nan rairayi ke sake zana fiffiken. Shafa bakinsa bayan saukar sahara, za ka ji shi kamar samfefa. A Abha, tudun da ya haura mita 2,000, ga zafin rana, iska ba ta da nauyi, ɗan lahani ma sai ya nuna. Wani matuƙi ya taɓa ishe mu da ƙorafin inji ba ya ja. Kwana biyu muna haƙilo a kan inji, lafiyarsa ƙalau. Ashe tef ɗin kariya ne ya ɗaɗɗago a bakin fiffike biyu, kusa da ƙarshe. Muka sauya shi, washegari ya sauko bai ce uffan ba, sai dai ya saya mana shayi.