Tambaya da Amsa: Ɗan Kano zai je gudun kilomita 21 a Jos

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Kano ne, muna da ɗan kulob na gudu mu tara, kullum bayan asuba muke fita, ran Lahadi mukan yi kamar kilomita 15. To yanzu mun yi rajistar wani gudu na kilomita 21 a Jos nan da sati huɗu, za mu tafi a mota ɗaya mu kwana biyu mu dawo, matsalar an ce hanyar duk hawa da gangara ce ni kuma tunda nake ban taɓa gudu a tudu ba, ga shi biyu cikinmu sun fi ni sauri kuma ba na so a baro ni a baya a yi ta min tsiya a mota. Ya zan yi?

Daga wani mai karatu, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsiyar mota kam sai an yi maka ko da kai ka zo na ɗaya, wannan cire ta a lissafi.

Kowa hawa yake tsoro, amma gangara ce take kashe ƙafa. In kana hawa haki zai tsayar da kai da kansa, a gangara kuwa daɗi za ka ji, ka saki jiki ka buɗe taku, alhali duk takun da ka yi cinyarka ce take taka birki tana ɗauke da nauyinka gaba ɗaya, ba za ka san ta ji jiki ba sai wajen kilomita 16 ko 17 ka ji ƙafar kamar ta aro. Shi ya sa nake cewa ka gajarta taku a gangara, kar ka jingina baya kana dukan kwalta da dunduniya. A hawa ma ƙananan taku, hannu na aiki, kuma ka manta da agogo, numfashinka za ka bi. In tudun ya yi tsaye da yawa ka taka da ƙafa, ba abin kunya ba ne, sau da yawa wanda ya taka ɗin shi ke wuce mai taurin kai daga baya.

Kano shimfiɗaɗɗiya ce, na sani, amma ai kuna da Dala da Goron Dutse. Sau ɗaya ko biyu a sati ka je ka hau da ɗan gudu na minti ɗaya, ka sauko a hankali, kamar sau shida. Saukowar ma tirenin ce. Satin ƙarshe kuma ka rage komai, ba a kiwon akuya ranar kasuwa.

Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Kano ba ta kai 500 ba, saboda haka kar ka yi mamaki in haki ya zo da wuri. Kuma in ka ga yaran Pankshin, wani gari a jihar Filato, a layin farawa, ka gaishe su kawai ka bar su su tafi, a kan duwatsun nan suka girma.

Su abokanka biyun nan ma haka. Wallahi bin su a kilomita biyar na farko shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙarasa gudun a Keke Napep. Ku yi magana tun a gida, kowa da saurinsa, ku sa wurin haɗuwa bayan an gama, in akwai wanda kuke tafiya daidai ku jera.

Batun tafiya, in gudun ran Asabar ne ku isa tun Juma'a da rana, zaman mota na awanni yana sandarar da ƙafa. Daren nan ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa ko dankalin turawa wanda dama a Jos ya fi arha, tsire da yaji a bari sai an gama. Kar ka sa sabon kambas, bororo zai yi maka, kuma ka yanke farcen ƙafa don a gangara yatsu gaba suke turawa. Ka tafi da rigar sanyi, asubar Jos ba wasa.

Tsamin jikin sai kwana na biyu yake tsananta, ran Litinin in ofis ɗinku a bene yake ka fita da wuri.