Amsar Kaka Kan Kabad Mai Makulli

Amaryata, saƙonki ya iso, ƙaninki ne ya karanta mini don idon ya fara gardama. Lafiya lau muke, an gama yankan gero, dawa ce ta rage a gona. Ki gaida wannan da ya ƙwace mini ke, da 'yan dugwi-dugwin naki.

Wai kin fara tara wa yara littattafai, har kin sa kafinta ya haɗa miki kabad mai gilashi, shi ne kike tambaya ko a al'adarmu ya dace ki sa masa makulli kada su yayyaga, kuma ko abin kunya ne ki hana 'ya'yan maƙwabta aro. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ashe littafi ma ya shiga sahun kayan jere, yana zaune kusa da tangaran, baƙuwa ta shigo ta yaba ta tafi. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi, don na san ba ke kaɗai ba ce.

Mu a gidan da muka tashi babu kabad. Kakana Malam, Allah Ya jiƙansa, littattafansa warwara ne, takarda bisa takarda, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka, a rataye can sama jikin azara. Alƙur'ani shi ne a ƙoli, ba a ɗora komai a kansa. Su Ahalari da Ishmawi da Risala suna ƙasa da shi. Kullum maganarsa ita ce, "Takarda ba ta kwana a ƙasa." Muna yara mun ɗauka girmamawa ce kawai. Girmamawar ce, amma akwai wani abu bayanta, kuma a kan Baffanmu muka gan shi.

Baffa malamin Yaƙi da Jahilci ne, yana koya wa magidanta boko da yamma a gindin tsamiya. Lokacin Hukumar NORLA, wadda aka kafa a Zariya a 1954, tana buga ƙananan littattafai na Hausa da boko da ajami, da jaridar Sodangi ta lardin Kano. Mu ma a lokacin Kano muke, sai 1991 aka yanke mana Jigawa. In an sayar da gyaɗa, Baffa ya hau jirgin ƙasa a Ringim ya tafi birni, ya dawo da ƙunshin littattafai. Ya sa aka yi masa akwatin katako mai kwaɗo, ya ajiye a lungun ɗakinsa, a kan daɓe, jingine da bango. Makullin yana aljihun 'yar-shararsa. Ko leƙe ba ma yi. In ya so, bayan lisha ya ɗauko ɗaya ya karanta mana a hasken aci-bal-bal, ya mayar ya kulle.

To wata damina aka tura shi wani gari can wajen Gumel, ya tafi da makullinsa. Ruwa ya yi yawa a shekarar, har katangar bayan gida ta zube. Da kaka ta yi, ranar da Malam ya saba fito da nasa su sha iska, sai ga Baffa ya dawo, ya ce shi ma a fito masa da akwati. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar zaure. Ni da wana muka kama akwatin, muna ɗagawa sai gindinsa ya zauna a ƙasa, mu kuma muka tashi da sauran. Gara ta huda daɓen, ta ci katakon ƙasa, ta gina gidanta a ciki. Baffa ya durƙusa ya sa hannu. In ka kalli littafi ta sama lafiyarsa ƙalau, bangonsa na nan da zanensa, kana ɗagawa sai jar ƙasa ta zubo, ciki duk hanyoyi, fararen 'ya'yan gara suna gudu. Kaji suka taru a kansu suna biki. Mutumin nan bai ce uffan ba, yana ta ɗauko bango ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a tabarma, har Inna ta kawo masa ruwa a ƙwarya bai ma gan ta ba. Malam yana gefe yana buɗe nasa ganye-ganye, ko ƙwarzane babu. Can ya ɗago ya ce, "Ka tsare shi daga yara, ka miƙa wa gara."

Ana cikin haka sai yayarmu ta shiga ɗaki sumui-sumui, ta fito da wani abu a ƙarƙashin mayafi. Magana Jari Ce ne, littafi na farko, na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937. Ashe tun kafin Baffa ya tafi ta faki idonsa ta zare shi. Duk daminar nan yana yawo a hannun yaran unguwa, ya sha miya, ya sha man gyaɗa, kunnuwansa sun nannaɗe, bango ya rabu. Amma ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Muka tsaya muna jiran bulala. Baffa ya jujjuya shi, ya ce a kawo masa allura da zare. A zauren nan ya ɗinke shi, ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya miƙa mata. Da wannan littafin ni na iya karatu ba tare da bin baƙi da yatsa ba, kuma bayana ya koyar da yara da yawa kafin ya ƙare.

Saboda haka in tsaro kike so, ki san waɗanda za ki tsare wa: gara, danshi, ɓera, kyankyaso da yoyon rufi. Kada kabad ɗin ya taɓa bango, ki bar tazarar da hannu zai shige, ki ɗora ƙafafunsa kan bulo yadda tsintsiya za ta ratsa ƙasansa kullum. Gara ba ta son wurin da ake motsawa. Ki busar da ganyen darbejiya ki zuba a lungunansa. Kada ki ƙulle littafi a leda da damina, gumi yake yi ya yi funfuna. In kaka ta yi ki fito da su su sha iska a inuwa, ba a tsakiyar rana ba, rana tana sa takarda ta bushe ta riƙa karyewa. Wanda ya yage a ɗinke shi; kada a liƙa da ƙullun rogo ko koko, kiran kyankyaso ne. Na addini su hau can sama inda ƙaramin ba zai kai ba sai an ɗauko masa da hannu mai tsarki. Na tatsuniya da na hotuna kuwa a bar su ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro. Doka ɗaya ta isa: a wanke hannu bayan tuwo.

Kuma kada ki biye wa yawa. Na ga 'yan zamani, a shiga kasuwa a kwaso buhu guda na Turanci, labarin ƙanƙara da dabbobin da yaro bai taɓa gani ba, don a ce gidan 'yan boko ne. Ban hana Turanci ba, zai yi musu rana. Amma ki fara da harshen da suke kuka da shi: Gizo da Ƙoƙi, kura da zomo, kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa, ƙissoshin Annabawa. In kin je wajen masu littattafai a Kurmi ko Sabon Gari, ki zauna ki buɗe shafi-shafi kafin ki biya, don bugun jabu ya yi yawa, tawada dishi-dishi, wani shafin a kife, wani babu shi sam. Ɗinkakke ya fi mannanne daɗewa. Ki karanta kowanne da kanki tukun, ba duk mai hoton yara a bango ne na yara ba. Ɗaya a wata, in ya kasance mai kyau, ya isa.

Abin da ya fi damuna ma ba littattafan ba ne, bakin da zai karanta musu. Mu da an ci tuwon dare sai gindin Goggo, "Ga ta nan, ga ta nanku," har barci ya kwashe mu. Yanzu in na leƙa tsakar gida da daddare, uwa da waya, uba da waya, yaro na jan zane ana ce masa ya bari. Ban ce ke ba. Amma na ga yadda kika riƙe taki ranar sunan nan.

Batun aro kuwa yana da wuya. Inna takan ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne wani in ya tafi ya tafi ke nan, ki tarar an ƙunshe ƙosai da shi. Amma ita ɗin ce dai ba ta taɓa korar ɗan maƙwabci daga bakin akushi ba. Wata matar malami a nan garin tabarma take shimfiɗawa a soro bayan la'asar, duk mai so ya zo ya karanta a nan, ba a fita da shi. Ko hakan zai yiwu a gidan haya irin naku, sai kin zo da Sallah mu zauna, har da kakarki, don ta ce tana da ta cewa kuma ba ta yarda ƙaninki ya rubuta ba. Kafin nan ki sa mijin naki ya hau ya duba kwanon ɗakin, musamman saitin inda kika ajiye kabad ɗin.